Inabin Kwadon a Ɗakin Baƙuwa

Tun da aka tashe mu daga bakin tasha ƙafafuna suka ƙi yarda da gida. Na tsufa ina tuƙa tuwo a wurin nan, direbobin da ke ce mini Goggo duk na san su tun suna yaran mota. Da bam ya fashe a tashar wata safiya, hukuma ta zo ta kori mai tukunya da mai tebur, aka ja waya aka kewaye wurin. Ni Allah Ya sa ran nan ban fita da wuri ba. Ɗana da ke Kano ya bugo waya yana roƙona in zauna a ɗaki, zai riƙa aiko da abin cefane. Na ce to. Amma zama ya gagare ni. In share tsakar gida, in zauna, in tashi in sake sharewa. In fito da tukwanen da ba a dafa komai a ciki ba in wanke. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi a maƙwabta sai na miƙe tsaye, ba don tsoro kaɗai ba, har da neman abin da zan tashi dominsa.

Gidanmu na haya ne a unguwar Bagadaza, cikin Gombe, ɗakuna a jere suna kallon juna, rijiya a tsakiya. Mai gidan wani Alhaji ne mai shagon atamfa a babbar kasuwa, sashensa na gaba. Tun zamanin mahaifinsa nake cikin gidan.

A cikin wannan zama ne wani direba ya kawo mini baƙuwa. Babarbariya ce daga wajen Damboa, doguwa, da zane a kumatu, lafayarta ta koɗe, ba ta da komai sai ƙunshi ɗaya da ƙaramar waya. Ranar da aka shiga garinsu ita ta bi wata hanya, mijinta da ɗanta suka bi wata. Direban ya ce ya baza magana wurin abokan aikinsa, duk wanda ya zo neman mace mai kama kaza a ce masa tana gida kaza a Bagadaza. Wato in ta bar gidan nan, ba inda nata za su same ta.

A lokacin mai unguwa ya yi shela cewa ba a sauke baƙo sai wani sananne ya tsaya masa. Alhaji ya ce, "Goggo, kin san ta?"

Na ce ban san ta ba, na san wanda ya kawo ta.

Ya ce, "To, ga ɗakin ƙurya da ake ajiye gawayi. Amma wallahi ranar da na ji wani abin da ban gane ba daga ɗakin nan, ranar za ta bar mini gida. Ina da iyali."

Ban ga laifinsa ba. Ni ma ban tsaya mata don na yarda da ita ba. Na tsaya, sannan na sa mata ido. Na san lokacin tashinta da lokacin kwanciyarta. Na lura ba ta cire takalmi sai za ta yi salla, kuma ba ta zama ta ba ƙofa baya. Ƙunshinta ban huta ba sai da na ga cikinsa, ranar da ta baza shi a rana: zane biyu, carbi, da ƙaramin kaskon turaren wuta. Magana kuwa ba ta wuce gaisuwa, Hausarta a karye take, ita ma ta san haka. Matan gidan in ta fito ɗiban ruwa sai su janye 'ya'yansu.

Ana nan sai ƙanin mijina ya zo gaishe ni. Tsohon malamin gona ne, da ya bar aiki ya je wajen Zariya ya ga ana noman inabi, ya dawo da sandunansa a buhu ya dasa a wani ɗan lambu bayan garin Kwadon. Mutane suka yi ta dariya, don a can albasa da tumatir aka sani. Ya same ni ina kankare bayan tukunya, ya ce, "Adda, an ce yanzu har tsakar gidan maƙwabta kike sharewa. Da kin yarda na gaje ki tun da yayana ya rasu, da kina da wanda za ki yi wa faɗa."

Na ce, "Kai da ba ka iya riƙe albasa ba, ni za ka riƙe?"

Ya yi dariya, ya ce inabinsa ya nuna, mai saye zai zo da mota daga Kano, amma ya rasa hannu. Mazan da ya saba ɗauka ba ya son su, suna yankar inabi kamar suna girbin dawa. Mata yake so, masu hannun tsince shinkafa. Kafin ya rufe baki na ce zan je. Na kuma ce da baƙuwata zan je, don ban yarda in bar ta a gida ba idona.

Da sassafe muke shiga akori-kurarsa. A shingen sojoji kowa sai ya sauka ya taka da ƙafa, mata mu ɗage hijabi sama da ƙugu a ga ba mu ɗaura komai ba. Ni da furfurata, yaro sa'an jikana yana nuna mini da bakin bindiga in juya. Na juya. Tun a mota nakan ce mata, "Kada ki buɗe baki. In an tambaye ki, ni zan amsa." Takan sunkuyar da kai ta ja lafaya ta rufe kumatunta. Ran farko wani soja ya tsare ta da ido, na ce masa ƙanwata ce kuma ba ta ji sosai. Ya ce mu wuce.

Ban taɓa ganin inabi a jikin uwarsa ba sai ran nan. Na zaci bishiya ce. Ashe abin yaɗo ne kamar duma, an kafa masa dirkoki an ja waya a sama ya zama rumfa, ka shiga ƙarƙashi kamar ka shiga ɗaki mai duhu-duhu, nonnansa na reto a kanka, baƙi wuluk. Mai lambu ya lulluɓe saman rumfar da tsofaffin gidajen sauro saboda tsuntsaye, wasu farare, wasu shuɗaye, duk an yi musu faci. Ya ba kowa almakashi, ya ce a tallabi nonon inabin ta wuya, kada a taɓa 'ya'yan. A yanke, a duba, in akwai wanda ya fashe ko tsuntsu ya huda a cire da bakin almakashi, a kwantar a kwali kamar ana kwantar da jariri, kada a ɗora wani bisa wani. Akwai wani fari-fari a jikin 'ya'yan, kamar an barbaɗa gari. Na kai gefen zanena zan goge, ya yi tsalle.

"Adda! Adda, don girman Allah! Shi mai saye yake dubawa. In kin goge ya ce ya kwana."

Na ce, "Datti ne kuke sayarwa?"

Ya ce, "Ki bar mini dattina."

Duk aikin gona da na sani sunkuyo ake yi, gyaɗa ce, wake ne, kuɓewa ce. Wannan kuwa kai a ɗage, hannu a sama, kamar mai roƙon ruwa. Kafin hantsi wuyana ya ƙage, kafaɗuna suna zogi, rina da ƙudan zuma suna ta shawagi a fuskata. Amma abin da na lura shi ne, a ƙarƙashin rumfar nan kunnena ya daina bin hanya. Mota ta wuce ban ɗaga kai ba, don kan a ɗage yake.

Ita baƙuwata tsawonta ya taimake ta. Inda nake ɗage har da ɗan tudun ƙafa, ita miƙa hannu kawai take yi. Kwalinta yana cika kafin nawa ya yi rabi, kuma ba ɓarna. Wannan ya ba ni haushi. Wata rana na ga ta jefa ɗaya a baki, cikin waɗanda aka cire, sai na ji bakina ya ce, "Na gan ki. Babarbariya ba ta ganin abin ubangidanta ta ƙyale."

Ta tsaya cak, almakashi a sama. Na ɗauka na ɓata. Can ta ce, a hankali, da sunan da Barebari ke kiran mu Fulani, "Fulata. Yaushe baiwa ta fara ƙirga wa uwar ɗakinta loma?"

Mai lambu ya ajiye kwali ya riƙe ciki. Ya ce, "Ashe tana ji! Adda, kin ce wa soja ba ta ji!"

Na ce, "Wacce ta gudo ta bar tukunya ta ɗauko kaskon turare, ita ce uwar ɗakin wani?"

Ta ce, "Don na san gidan Fulani zan sauka. Warin man shanu."

Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari tun kakanni ne, amma ni na manta rabon da in yi shi. Daga ran nan ba mu wuni ba tare da mun zagi juna ba. Ban daina sa mata ido ba, wannan halina ne, ko ɗana in ya zo ina duba inda ya ajiye takalmi.

Mun kusa gamawa, kwalaye sun taru a ƙarƙashin rumfar zana suna jiran motar Kano, sai wata safiya muka ga mutane a kan titi suna gudu daga gabas, wasu a babur, wasu da ƙafa, wata mace da tabarma a ka ba ta san ta ɗauko ba. Aka ce ga mahara nan tafe ta hanyar Dadin Kowa. Ba wanda ya tsaya tambaya. Mai lambu ya ja buhuna ya rufe kwalayen, ya dawo ya sake ja, yana ta waiwaye, sai da na daka masa tsawa ya tada mota. A bayan akori-kura baƙuwata ta kama hannuna. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati da ƙarfi kamar sauran mata ba. Idonta a kan hanya, tana duban inda za ta dira in motar ta tsaya. Mun shiga gari jirgin sama na shawagi, kafin la'asar aka ce an sa dokar hana fita.

Zaman dokar nan ya fi na baya muni. Yanzu na san abin da nake son yi, kuma na san yana can yana lalacewa. In kwanta in ga kwalaye a ƙarƙashin buhu cikin zafin nan. In fito, in leƙa zaure, in dawo. Rediyon maƙwabcinmu na ta magana, kowa na faɗin abin da ya ji daga wanda ya ji. Ita ta koma shirunta, takalmi a ƙafa, waya a hannu.

Da aka sassauta doka mai lambu ya zo da kansa, fuskarsa ta zube. Mai sayen ya ce ko kyauta ne ba zai shigo Gombe ba. Inabin da muka yanka ya yi laushi, rabi ya tsattsage yana ɗiga. Ya sauke mana kwalaye a ƙofar gida ya ce, "Adda, ba ni da abin ba ku sai wannan. Ku ci, ku raba, abin da ya rage ku ba awaki." Ko wasa bai yi ba, ni ma ban ja shi ba.

Ni kuwa ban iya zubar da abinci ba. Muka raba wa gida, yara suka sha har bakinsu ya yi baƙi, kwalaye ba su ragu ba. Sai na ce mu yi masa yadda ake yi wa zoɓo. Muka tsince, muka wanke, muka zuba a baho muka yi ta matsewa da hannu har yatsu suka sage, muka tace da tsumman koko. Ruwa ya fito ja, mai kauri. Na ɗanɗana na ji ɗan tsami, na zuba sukari mai yawa, baƙuwata ta daka citta da kanumfari muka ƙara. Abin ya yi daɗi, ban taɓa haɗa abin sha mai daɗinsa ba. Muka ƙulla wani a leda, amma ba wuta, mai ƙanƙara bai buɗe ba, titi ba mutane. Kaɗan aka saya. Sauran muka ɗura a manyan jarkoki biyu, muka ce a jira kasuwa ta dawo. Ta shimfiɗa leda a bakin kowace jarka kafin a murɗa murfi, kamar yadda ake wa man gyaɗa, don kada iska ko ƙuda su shiga. Na ƙara murɗawa da ƙarfina. Ɗakinta ba ya shan rana kamar nawa, can muka ja su.

Zoɓo in ya kwana tsami yake yi, ka zubar, shi ke nan. Kunun aya ma haka. Abin da muka sani ke nan, ni da ita, kuma mai lambu bai taɓa matse inabinsa ba balle ya gaya mana wani abu. Bayan kwana kaɗan na leƙa na ga jarkokin sun yi ciki, gefensu ya tashi, gindinsu ba ya zama daidai a ƙasa. Na ce zafi ne. Muka jiƙa buhu muka lulluɓa musu.

Bayan azahar ne, gari ya yi tsit saboda rana. Ina zaune a ƙofar ɗakina ina tsince wake, sai ƙara ta tashi daga ɗakin ƙurya, dum, kwanon rufi ya amsa gaba ɗaya. Kaji suka watse. Wata mata da ke wanka ta fito da kumfa a jiki tana kiran 'ya'yanta. Kafin in miƙe gidan ya zama ba kowa, ana ta ihu a lungu, "Bam! Bam a gidan Alhaji!"

Sai baƙuwata ta fito. Daga kanta har ƙafa ja, yana ɗiga daga haɓarta, wani jan yana bin bayanta ta ƙarƙashin ƙofa yana malala zuwa rijiya. Ta tsaya a tsakar gida, hannuwa a buɗe, tana duban jikinta. Bakinta na motsi ba sauti. Ni ma na ɗan lokaci na ɗauka jini ne. Sai warin ya iso ni, wari mai tsami mai hawa kai, da cittarmu a ciki. Na kama kafaɗunta na girgiza, na ce, "Ke! Inabi ne. Ba ki mutu ba. Inabi ne, kin ji?" Ba ta gan ni ba. Ba a gidanmu take ba a lokacin.

'Yan sintirin unguwa suka shigo da gora da adda, ɗaya da bindigar toka. Shugabansu kafinta ne, na san shi tun yana yawo ba wando. Bayansu Alhaji, ya dawo cin abincin rana, ba hula, hannunsa da miya. Bayan Alhaji rabin Bagadaza suna leƙe ta zaure. Na ji wani yana cewa an bugo wa sojoji. Na ji wata tana cewa, "Dama mun faɗa." Na ja ta na sa ta bayana, duk da ta fi ni tsawo.

Kafintan ya ce, "Goggo, matsa. Ba ruwanki. Ita muke so."

Na ce, "Ni kake ce wa matsa?"

"Goggo, don Allah. Me take haɗawa a ciki?"

"Shiga ka gani."

Bai shiga ba. Ya miƙa wuya daga nesa, ya ja baya da sauri ya ce akwai wata jarkar a ciki, ta kumbura kamar za ta tashi. Mutanen zaure suka ruga, suka sake dawowa. Sai mai bindigar toka ya ɗaga hanci ya shaƙa, ya sake shaƙa, ya sauke bindigarsa ya ce, "Kai, wannan ai ba bam ba ne. Giya ce. Wallahi giya ce, mai kyau ma."

Na juya na dube shi. Na ce, "Kai ɗan gidan ladan, a ina ka san mai kyau da marar kyau?"

Wani ya tuntsire da dariya a zaure, dariyar ta bi lungu. Yaron ya ce, "A'a, Goggo, labari nake ji." Kafintan ya ciro waya ya koma gefe yana cewa a gaya wa sojoji kada su zo, jarka ce.

Ni dariyar ba ta shige ni ba. Giya, in ji yaron. Ni da ban taɓa bin layin da ake sayar da ita ba, ni na zuba mata sukari da hannuna. Kuma ina kallon Alhaji, shi ma bai yi dariya ba. Ya goge hannunsa a jikin riga ya ce, "Bam ne ko giya ce, duk ɗaya ne a wurina. Na faɗa tun ranar farko. Ta haɗa kayanta kafin magariba."

Na ce, "Jarkokin nawa ne."

Ya ce, "Goggo, kada ki ɗauki abin da ba naki ba. Kowa ya san ki."

"Tunda kowa ya san ni, kowa ya san ba na ƙarya. Ƙanin mijina ya kawo inabin, ka gan shi a ƙofarka. 'Ya'yanka sun sha, matarka ta aiko da kwano an cika mata. Ni na ce a matse, ni na sa sukari, ni na ce a kai ɗakinta don ya fi sanyi." Na miƙa masa hannuwana, faratana da layin tafina duk sun rine tun ranar matsa. "Duba. In mai giya za ka kora, ɗakina ne na farko daga rijiya. Sa yaran nan su fara fito da gadona."

"Wa ya ce zan kore ki?"

"To wa za ka kora? Wacce aka ajiye wa kaya a ɗaki?"

Ya ce ba a gane ba ne, shi mutane yake ji, gobe a ce gidansa ne ake kaza. Na ce mutanen ga su nan a zaure, ya tambaye su wanda bai sha ba. Ya ce to wannan jarkar da ta rage a ciki fa, wa zai taɓa ta? Ya dubi kafintan, kafintan ya dubi mai bindiga, mai bindiga ya dubi sama.

Ban ji fitarta daga bayana ba. Sai ganinta na yi ta shiga ɗakin, ta durƙusa gaban jarkar, ta yaye buhun. Na ce, "Ke, bari in zo." Ba ta waiwayo ba. Ta dafa jarkar da gwiwa, ta kama murfin ta murɗa kaɗan, ta tsaya. Iska ta fara fita da tsaki mai tsawo, kamar maciji. Maza suka ja da baya har bango. Ta jira ya lafa, ta ƙara murɗawa, kumfa ja ta taso ta bi yatsunta. Haka ta yi ta yi, kaɗan-kaɗan, har jarkar ta saki cikinta. Sannan ta rungumo ta, ta ratsa tsakar gida, mutanen zaure suka dare mata, ta tuntsurar da ita a kwata a gaban kowa. Ta tsaya har ɗigon ƙarshe. Ta dawo ta ajiye jarkar a gaban Alhaji, ta durƙusa, ta ce da karyayyar Hausarta, "Baba, ban sani ba. In na tafi, ba su same ni."

Alhaji ya kau da kai. Ya dubi jan da ya malale a simintinsa. Can ya ce, "Ta zauna. Amma Goggo, daga yau ko zoɓo ne kada a ƙara jiƙa mini a gidan nan. Kuma ku wanke wannan abin kafin in dawo daga masallaci, kada in taka shi da alwala." Ya juya ga zaure ya ce, "Ku kuma me kuke jira, a raba muku?"

Maganar ba ta mutu ran nan ba. An daɗe a unguwa in na wuce sai in ji an yi ƙasa da murya, wata maƙwabciya da ta saba aiko mini a ɗanɗana mata miya ta daina. Ɗana ya ji har Kano, ya bugo yana tambaya wai da gaske ne. Na ce da gaske ne, ya kashe wayarsa kada kuɗinsa su ƙare a banza.

Amma a yinin nan ba mu da lokacin wannan. Na ja guga, ta ɗauko tsintsiya da omo. Abin ya fantsama har rufi, ya jiƙa tabarmarta da zannuwanta, murfin jarkar ya lotsa kwano a sama, ya faɗo bayan gawayi. Muka fitar da komai waje. Ta hau turmi tana goge bango inda hannuna ba ya kai, ni ina kwara ruwa a ƙasa ina turawa da tsintsiya. Da aka kira la'asar muka tsaya muka dubi juna, daga ni har ita ba mai tufafin da za a yi salla da su. Na shiga ɗakina na ciro zane biyu, na miƙa mata ɗaya.

Ta juya shi ta ce, "Gajere ne."

Na ce, "Ki rage tsawo. Yi sauri ki yi wanka, ina jiran bokitin."